Tukunyar Ruwan Zafi a Jirgin Shaƙatawa

Shekarar da China ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, na riga na daɗe ina zuwa Guangzhou saro kaya. Leshi nake saye da takalman mata da jakunkuna, in yi lodi, in koma Kano in jira isowarsu. Ban taɓa zuwa garin don kallo ba. Daga ɗakin da nake haya a unguwar Dengfeng sai kasuwar Canaan, daga Canaan sai wajen masu lodi, in dawo in tsoma ƙafafuna a ruwan ɗumi in kwanta.

A wannan zuwan komai ya cije. Saboda wasannin an tsananta bincike, a kan titi da tashar jiragen ruwa duka. Kayana suna zube a sito, an ce ba za su shiga tashar Nansha ba sai layi ya zo kansu. Biza kuma ta zama abin tsoro. A da idan ta kusa ƙarewa akan sami hanyar ƙari, amma a shekarar nan ko ina ka je sai a kaɗa maka hannu a ce meyo, wato babu. Na zauna ba aikin fari ba na baƙi, ina zaman jiran kwantena.

Ina da ƙawa a unguwar, Bahaushiyar Zango ce daga Kumasi, tana da ɗan gidan abinci a saman wani bene. Ta fi ni daɗewa a garin nesa ba kusa ba, Sinanci a bakinta kamar a can aka haife ta. Hausarta irin ta Gana ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wajenta. Ita ce ta same ni na yi tagumi a kan kwanon tuwo ta ce, "Hajiya, zaman nan zai kashe ka. Ka tashi mu shiga jirgin ruwa mu kwana a teku, ka ga duniya ko sau ɗaya."

Na ce mata ni da ruwa sai a buta. Ta yi ta naci har na yarda. Wani kamfani ne yake ɗaukar mutane daga bakin kogi, a gangara har teku, a zaga tsibirai, a kwana, a dawo washegari da yamma. A takardar tallarsu akwai hoton likita da farar riga yana murmushi. Na tuna na nuna mata shi na ce, "To, ko amai ya taso akwai mai ba da magani."

Ranar farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na tsaya a saman jirgin iska tana kaɗa min mayafi, na ga manyan gadoji ta ƙarƙashinsu, na ga kwantenoni jibge kamar duwatsu a tashar da kayana suka kasa shiga. Na yi dariya irin wadda na daɗe ban yi ba.

Da safe muka sauka ɗakin cin abinci. A jikin bango akwai wani siririn tebur, a kansa an ɗora babbar tukunyar ƙarfe mai famfo, wadda ruwan shayi yake tafasa a ciki. Na je da kofina. Ina tsaye ina jiran na gabana ya gama, idona ya sauka a kan wata ɗamara da aka kafe a bango don a ɗaure tukunyar. A tsinke take, bakinta ya yi baƙi ya zazzare, ka san ba ranar ta tsinke ba. Na gan ta da idona, ban kawo komai a raina ba. Na sa kofi a bakin famfon ke nan jirgin ya karkata, wai wani babban jirgin kaya ne ya wuce ya taso igiyar ruwa. Tukunyar ta sulɓo ta faɗo min.

Daga ƙugu zuwa gwiwa ruwan ya wanke ni. Ban san na yi ihu ba, ƙawata ce ta faɗa min daga baya cewa har na sama sun ji. Abin da na sani shi ne atamfar jikina ta manne da fatata tana ci gaba da dafa ni, mutane kuma sun yi da'ira suna kallo, wani har da ɗaga waya.

Mutum ɗaya ce ta motsa. Wata ma'aikaciyar ɗakin abincin, gajeriya, za ta yi sa'ata, hannayenta duk sun yi kanta. Ta fizge zanen tebur, kwanuka suka watse, ta lulluɓe ni da shi, ta ja ni zuwa wajen wanke-wankensu. Ta kori mazan da ke ciki da tsawa, ta tura ƙofa, ta sakar min ruwan sanyi ta tiyo. Ta ɗauko almakashi ta yanka zanena a hankali, inda ya manne ta bar shi. Duk wanda ya taɓa ƙofar sai ta daka masa tsawa. Ba mu da yare ɗaya ni da ita, amma ta gane ba na son a ga jikina, ta kuma tsare min wannan har ƙarshe.

Ƙawata ta fita neman likita. Ta dawo idonta jawur ta ce, "Babu likita, Hajiya. Sun ce bai zo wannan tafiya ba." Akwatin maganin da suka kawo, bandeji ne guda biyu da wani man shafawa da ya bushe a bututunsa. Ta roƙi shugaban ma'aikatan jirgin a juya a kai ni gaɓa. Ya ce ba zai yiwu ba, sauran fasinjoji sun biya kuɗin ganin tsibiri na ƙarshe. Haka na yini kwance a kan benci a wani ɗan ɗaki, fatata tana tashi ƙulu-ƙulu, ina jin kiɗa daga sama da muryar mai yi wa fasinjoji bayani a lasifika. Matar nan tana zuwa tana sake min jiƙaƙƙen tawul, ta koma bakin aikinta, ta sake dawowa. Sai da rana ta yi sanyi muka iso gaɓa.

A asibiti aka kwantar da ni. Wankin ƙuna, wanda bai taɓa sha ba ba zai gane ba, kuma ba na yi wa kowa fatan ya gane. Kullum da safe sai na cusa gefen mayafi a baki na cije. Kuɗin da na ware na sallamar kaya, su na riƙa zarowa ina biya. Daga kamfanin jirgin babu wanda ya leƙo, sai kwandon 'ya'yan itace da aka aiko da shi ta hannun ɗan aike, an ɗaura masa jan ƙyalle.

Da aka sallame ni ina tafiya a tattale kamar mai sabuwar kaciya, na ce wa ƙawata ta kai ni ofishinsu. Ta rufe gidan abincinta muka tafi.

Manajan da ya karɓe mu matashi ne mai santsin baki, ya maƙala ɗan bajon wasannin a ƙirjin kwat ɗinsa. A gefe akwai wata dattijuwa mai tabarau, aka ce ita ce shugabar sashen kuɗi, ba ta ce uffan ba. Ya zuba mana shayi, ni kuwa ko kallon butar ba na son yi. Ya ce ransu ya ɓaci ƙwarai, baƙi abokansu ne, musamman a wannan shekara. Na ce wa ƙawata, "Faɗa masa ban zo neman abota ba. Su biya kuɗin asibiti, su biya diyyar abin da suka yi min, su kuma rubuta cewa laifinsu ne."

Ya gyaɗa kai ya ce za a duba. Sannan ya tambaya, kamar abin bai dame shi ba, yaushe bizata za ta ƙare. Na faɗa masa, ni da wautata, ina zaton so yake ya hanzarta.

Muka koma, aka ce lauban, wato mai kamfanin, ya tafi Beijing kallon wasanni. Muka sake komawa, aka ce takardar asibiti ba ta isa ba. Ta nuna na ƙone, amma wai ba ta nuna girman abin yadda shugabanninsu za su gamsu ba. Suna son hotuna. In kwance bandeji a ɗauki wurin tun daga ƙugu, a aika wa manya su duba a taronsu.

Na ce, "Su wane ne manyan?"

Ƙawata ta tambaya, ta juyo ta ce, "Maza ne duka."

Na ce to su kawo likitarsu mace ta duba ni ta rubuta musu. Manajan ya ce meyo, likitan kamfani namiji ne. Na ce ashe dai suna da likita, a ina yake ranar da nake kwance a kan benci? Ƙawata ta fassara masa har da ƙari, don na ga kunnensa ya yi ja. Amma bai sauka daga kan maganarsa ba: babu hoto, babu biya. Kafin mu fita ya sake tambayar ranar tafiyata. A nan na gane. Ba hoto suke so ba. Sun san macen da ta rufe jikinta tun daga kai har ƙafa ba za ta bayar ba, sun kuma san kwanakina a ƙasar ƙidayayyu ne. Jira kawai suke in hau jirgi in tafi.

Na fito a fusace. Na ce a kai ni wajen wani dattijo ɗan Kano da ya daɗe a garin, wanda mutanenmu suke kai wa ƙara idan rigima ta haɗa su da 'yan ƙasa. Na same shi a shagonsa na wayoyi, na gaishe shi daga tsaye don ba na iya durƙusawa. Ya saurare ni har na gama, ya shafa gemu.

"Hajiya, sannu. Allah ya sa kaffara ce. Amma in za ki ji shawarata, ki bar wa Allah. Ƙaddara ce."

"Alhaji, na yarda da ƙaddara. Amma ɗamarar nan a tsinke na gan ta, wani ne ya ga ta tsinke ya ƙi gyarawa. Diyya kuma ai ba ni na ƙirƙiro ta ba, a addini take."

Ya rage murya ya ce, "Ba ki gane ba ne. Kin san yaran da ke unguwar nan nawa ne takardunsu suka mutu? In kika kai maganar nan ga hukuma, 'yan sanda za su fara zarya a layin nan. Ke za ki koma gida, su za a kwashe. Ki yi haƙuri, lokacin ne bai dace ba."

Na san ba ƙarya yake yi ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. An dafa ni da raina, kuma ni ce zan yi shiru don kada a kama 'ya'yan mutane. Na ce masa, "Na ji, Alhaji. Ba zan je wajen hukuma ba. Amma kada a sake ce min haƙuri, na ƙoshi da shi." Ban jira amsarsa ba na juya.

Maigidana ma da na kira shi a waya, abin da ya ce ke nan. "Ki dawo gida kawai, lafiyarki ta fi." Na ce masa lafiyar ai ita aka taɓa. Muna cikin haka katin wayar ya ƙare.

Ana saura 'yan kwanaki bizata ta mutu suka kira mu da kansu. Na ɗauka sun sauko. Manajan ya tarbe mu da fara'a, dattijuwar tana gefe kamar kullum, ga wasu maza biyu da ban sani ba. Ya ce yana da albishir. Sun yi bincike, sun gano mai laifi, sun kuma hukunta ta. Ma'aikaciyar ɗakin abinci ce ba ta ɗaure tukunyar ba, an kore ta daga aiki. Bayan haka kamfani zai ba ni tikiti biyu kyauta, in sake shiga jirginsu duk lokacin da na dawo.

Ƙawata ta tsaya a tsakiyar fassarar. Na ce, "Wace ma'aikaciya?" Ta tambaye shi, ya kwatanta. Gajeriyar nan ce. Wadda ta lulluɓe ni.

Ban san lokacin da na miƙe ba, ni da nake tashi da dabara. Na buga teburin har shayinsu ya fantsama. Na ce, "Faɗa masa, kada ki rage ko kalma ɗaya. Ɗamarar a tsinke take tun kafin in shiga jirginsu, da me za ta ɗaure? Duk cikinsu ita kaɗai ce mutum. Ita ta zuba min ruwa lokacin da shugabansu yake lissafin tsibiri. Ni na ce a kore ta? Ni za a ba tikiti? In koma su ƙarasa dafa ni?"

Ƙawata ta juye masa da murya ta fi tawa ƙarfi. Manajan ya ɗaga hannaye yana cewa mu kwantar da hankali, ya sake kawo zancen hoto. Na ce, "Hujja suke so? To mazan nan su fita." Suka kalli juna. Na nuna ƙofa na maimaita da Hausa, ba su buƙaci fassara ba. Dattijuwar ta yi wata gajeriyar magana, karon farko da na ji muryarta, suka fice sumui-sumui. Ƙawata ta jingina da ƙofar.

Na je gaban matar na tsaya. Na kwance zanena, na warware bandejin da hannuna, inda ya kama na fizge, ban ma ji zafin ba sai daga baya. Wurin ya yi ja da fari, yana tsattsafo da ruwa, ga warin magani da na ɗanyen nama. Na ce, "Ga hoton. Ki kalla da kyau, ki je ki faɗa wa manyanku."

Ta cire tabarau, ta mayar, ta sa hannu ta toshe bakinta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta taso ta ɗauki bakin bandejin tana taya ni naɗewa. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, ƙawata ta fassara da Hausarta ta Gana ta ce, "Ya ce ba a gaya masa haka abin yake ba. An ce masa ɗan ja ne kawai."

Na ce, "Tambaye ta, da ɗan ja ne, da ya halatta a bar ni a kan benci yini guda?"

Dattijuwar ta fita, muka riƙa jiyo muryarta a waje tana faɗa. Da suka dawo, manajan ya daina murmushi. Za su biya kuɗin asibiti duka, da wani abu a kai wanda bai kai ko rabin asarar da zaman jinya ya ja min ba. Rubuta cewa laifinsu ne kuwa, meyo. Sai ma ni zan sa hannu cewa magana ta ƙare. Na ce to a mayar da ma'aikaciyar nan bakin aikinta, in an yi haka zan sa hannu ko ba ƙarin. Suka ce ta riga ta koma garinsu can arewa. Na ce a ba ni lambarta. Suka ce ba su da ita. Mutum ya yi musu aiki har hannunsa ya yi kanta, wai ba su da lambarsa.

Na ƙi sa hannu a ranar. Na koma ɗaki na kwana ina juyi a gefe ɗaya, don ɗayan ba ya kwantuwa. Washegari mai lodi ya kira ya ce layi ya zo kan kayana, in ban biya ba za a ba wani gurbin. Kuɗin kuwa suna asibiti. Na koma ofishin na sa hannu. Da manajan ya miƙo hannu wai mu gaisa a ɗauki hoto, na kalle shi har sai da ya mayar da hannun aljihu.

Kafin in tafi, ƙawata ta raka ni bakin kogin inda jirgin yake tsayawa. Muka tambayi masu shara da masu ɗaukar kaya ko akwai wanda ya san inda matar take. Wata ta ce ta san ta, amma sunan garinsu kawai ta sani, garin kuma ya fi Kano girma. Na tsaya ina kallon fasinjoji suna hawa da jakunkunansu da 'ya'yansu. Na ce wa ƙawata ta faɗa musu su yi nesa da tukunyar shayi. Ta ɗaga murya ta faɗa da Sinanci. Wasu suka waiwayo, mai gadi ya zo ya ce mu matsa.

A jirgin sama rabin tafiyar a tsaye na yi ta, a bayan kujeru kusa da banɗaki, don zama ba ya yiwuwa. Ma'aikatan suka gaji da ce min in zauna suka ƙyale ni.

Da na iso gida mata suka yi ta zuwa dubiya. Yawancinsu sun yi min sannu tsakani da Allah, sun kawo abin da suka kawo. Amma wata gwaggon maigidana, bayan ta gama cin abincin da aka sa mata, ta gyara zama ta ce, "Ai ke ma, 'yar nan, me ya kai ki? Kin je neman halaliyarki, sai ki tsaya a kanta. Yawon shan iska a teku ai ba namu ba ne."

Ina kishingiɗe, fatar cinyata ta fara ɗamewa tana ja, ko zaman tahiya ban iya yi daidai ba a lokacin, har yau ma sai na karkace. Na ce, "Gwaggo, shekara da shekaru ina ɗaukar kaya a garin nan kamar jaki, ba wanda ya ce me ya kai ni. Kwana ɗaya na ce bari in huta. Ba hutun ne ya ƙona ni ba, mutane ne suka ƙi gyara abin da ya lalace, suka kuma kori wadda ta cece ni."

Ta ce ita ba da wata manufa ta faɗa ba. Na ce na sani. Ta yafa mayafinta ta yi sallama, na amsa daga kwance, ban ce a gaida gida ba.